Wasiƙa daga Sheffield ta Ingila kan maganin ƙashin da kuka ce in aiko wa Gwaggo

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya mai jiki, ya yara, ya kuma zafi? Saƙon muryarki ya shigo ina tsakiyar aikin dare, kuma da na saurara na ga maganar ta fi ƙarfin in ce "to, zan duba". Gara in zauna in rubuta, ki karanta wa su Baffa, in kin ga dama ki tura wa sauran 'yan'uwa, tunda ba gidanmu kaɗai ke da tsohuwa mai kukan baya ba.

Kin ce Gwaggo ta zame a makewayi, ta kai hannu za ta dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye, mai ɗori ya ɗora kuma ya kama. Alhamdulillahi. Kin ce tun bara take fama da gadon baya, kuma hijabin da take sallah da shi yanzu sharar ƙasa yake yi. Sannan kika rufe da cewa in sayo mata maganin ƙarfin ƙashi na Turai in ba wa mai tahowa.

Maganin akwai shi, kuma da hannuna nake ba da shi a wajen aiki. Sai dai a nan ko da kuɗi niƙi-niƙi na je kemis ba za su miƙo min ba sai da takardar likita, likita kuma ba ya rubuta wa wanda bai duba ba, balle wadda ke can Najeriya. Na san abin zai zo miki wani iri, mu da muka saba mutum ya tsaya a bakin kanta ya ce "a haɗa min na ciwon jiki" a ƙulla masa a leda. Amma a kan wannan maganin dai ina bayan Turawa, kuma za ki ga dalili.

Abin da nake zargi, likita ne zai tabbatar ba ni ba, shi ne zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke ce wa ostiyoporosis. Daban take da sanyin ƙashi, wanda ke kama gaɓoɓi da ciwo da kumburi. Ita wannan shiru take aikinta, ba a jin komai sai ran da wani abu ya karye. Ƙashi abu ne mai rai, kamar katangar ƙasa yake, damina na ci, rani ana yaɓe. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu cinye tsohon ƙashi, akwai masu zuba sabo, dare da rana. Da ƙuruciya masu zubawa ke gaba, zuwa wajen shekara 30 ƙashi ya kai iyakar ƙarfinsa, daga nan ci ya fara rinjaye a hankali. Mace kuwa da zarar al'ada ta ɗauke mata, sinadarin istirojin da ke taka wa masu cin burki sai ya yi ƙasa, zaizayar ta yi ta gudu shekaru da dama. Gidauniyar duniya da ke kula da cutar, wadda ke ƙasar Suwizalan, ta ce mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar da suka haura shekara 50 za su samu karaya saboda ita. Wuyan hannu, kwatangwalo da ƙashin baya ne wuraren da ta fi karyawa. Na bayan ma ba sai an faɗi ba, ƙasusuwan ne ke murƙushewa su zauna kan juna, mutum ya rage tsawo, ya ranƙwafa. Mu sai mu ce tsufa ne ya zo, a sayo sanda. A nan idan tsohuwa ta rage tsawon santimita 4, to dalili ne na a ɗauki hoton bayanta.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, Litinin ce ranar ƙwayar. Tun da sassafe, kafin ma a kunna butar shayi, nake tura keken magani ɗaki ɗaki. Wadda ke kan wannan maganin sai an tashe ta zaune sosai, an sauko da ƙafafunta ko an mayar da ita kujera. Ƙwayar 'yar ƙarama ce fara, alendronet, miligiram 70, sau ɗaya a mako. Za ta haɗiye ta ɗungurungum, ba taunawa ba tsotsa, ta bi ta da cikakken kofin ruwan famfo, sai na ga gindin kofin kafin in sa hannu a takarda. Daga nan rabin awa cur ba kwanciya, ba shayi, ba burodi, ba wani maganin. Baturiya kuwa ki hana ta shayin safe kin taɓo rigima. Akwai wata mai shekara casa'in da 'yan kai da kowace Litinin sai ta kafa wa agogon bango ido tana ƙirga min mintuna da ƙarfi, ta ce ko lokacin yaƙi ba a hana su shayi ba. Ni dai dariya nake yi ina gyara mata bargo har lokacin ya cika.

Wannan tsaurin duk da dalilinsa. Abin da hanji ke iya tsotsa daga ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ma sai ciki na wayam. In ta haɗu da madara ko shayi ko koko, ɗan abin da zai shiga jini ma ya tafi a banza, mutum ya shekara yana sha ba amfani. In kuma aka kwanta a kanta, ko ruwan ya yi kaɗan ta maƙale a hanyar abinci, tana iya ƙona wurin har ya yi gyambo. Shi ya sa ba a ba wa mai wahalar haɗiya, da wanda ba ya iya zama tsaye rabin awa, da wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, da wanda sinadarin kalsiyam ya yi ƙasa a jininsa. Ki duba Gwaggo da ƙwannafin da take kuka da shi tun muna yara. In na ƙunso kwali goma na aiko, wa zai tsaya ya auna wannan? Idan aka sha ta yadda ya kamata kuwa tana aiki, tana rage karayar ƙashin baya da kusan rabi.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san ita Baffa zai fara tambaya. Kamfanin Merck ne ya fito da ƙwayar da sunan Fosamax, aka amince da ita a Amurka a 1995, kuma a lokacin ta yi tsada. Tuni wa'adin mallakarta ya ƙare, kamfanoni da yawa ke yin ta, har da na Indiya irin su Cipla. Kwalin ƙwaya huɗu, na wata guda ke nan, hukumar lafiya ta NHS ba ta biyan abin da ya wuce fam ɗaya zuwa biyu a kansa. Bai kai kuɗin bas ɗina na zuwa aiki da dawowa ba. Shi majinyaci a Ingila ba farashin magani yake biya ba, kuɗin takarda yake biya, fam 9.90 kan kowane magani da aka rubuta, mai arha ne ko mai tsada. Wanda ya kai shekara 60 kuwa ko sisi ba ya biya, haka masu ciki da yara. A Sikotilan da Wales ma an soke kuɗin ga kowa. To duk tsofaffin da nake kula da su kyauta suke samu, motar kemis ce ma ke kawowa har ƙofa. Kada dai ki ɗauka daga sama kyautar ke faɗowa. Da kin ga abin da ake zaftarewa na haraji a albashina duk wata da kin riƙe baki. Yawancin baƙin da ke zuwa zama kuma sai sun biya kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza, mu ma'aikatan jinya da kula da tsofaffi ne aka ɗauke mana. Wanda ya zo da bizar ziyara kuwa, in ya kwanta asibiti, kuɗin da za a caje shi ninki ɗaya da rabi ne na ainihin farashi. Na faɗi wannan ne saboda na san akwai mai cewa a kawo Gwaggo nan kawai a duba ta.

Kin ga ke nan ba a ƙwayar gizo ke saƙa ba. Manyan kantunan magani na Kano da Kaduna da Abuja kan ajiye ta ko su yi odarta. Abin da mutanen nan suka fi mu da shi bibiya ce, tun daga gano mai cutar har zuwa ranar da za a ce ta dakata da sha.

Da a nan Gwaggo ta faɗi, bayan an naɗa mata filasta ta koma gida, sai wasiƙa ta biyo ta. Akwai nas-nas da aikinsu ke nan, su bi jerin sunayen duk wanda ya haura 50 da ya zo asibiti da karaya daga 'yar faɗuwar da bai kamata ta karya lafiyayyen ƙashi ba, su kira shi. A birnin Glasgow na Sikotilan aka fara wannan tsarin a 1999, ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Hikimar ita ce karaya ta farko gargaɗi ce, wadda ta karya hannu bana ita ake jiye wa karya kwatangwalo baɗi. Za a sa ta a na'urar DEXA mai auna kaurin ƙashi. Gado ne kawai, ki kwanta da kayanki, wani hannu ya wuce ta saman ƙugu da baya, minti goma zuwa ashirin an gama, ba zafi ba allura. Sakamakon lamba ce, in ta kai 2.5 ƙasa da sifili to cutar ta tabbata, bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 1994. Akwai kuma wani lissafi mai suna FRAX, wanda a nan jami'ar garin da nake aka ƙirƙiro shi a 2008. Likita zai shigar da shekaru, tsawo, nauyi, ko an taɓa karaya, ko uwa ko uba ya taɓa karya kwatangwalo, ko ana shan taba, sai ya fito da yiwuwar karaya cikin shekara goma masu zuwa. Sannan a ɗebi jini a duba ƙoda, da kalsiyam, da bitamin D. Sannan a ce ta je likitan haƙori ya leƙa bakinta, domin wannan jinsin maganin, ko da yake ba kasafai ba, yana hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan cire haƙori. Duk haƙorin da za a cire gara a cire tun kafin a fara. Bayan shekara biyar kuma a sake zama a duba, wasu a ba su hutun shekara ɗaya ko biyu, saboda maganin yana daɗewa a cikin ƙashi yana aiki ko an daina, kuma shan sa shekara da shekaru ba dubawa kan jawo wata irin karayar ƙashin cinya, ita ma ba kasafai ba. Mai shan sa da ya fara jin wani sabon ciwo a cinya ko matsematsi ana so ya faɗa da wuri.

Wadda ƙwayar ba ta karɓe ta ba akwai na ƙarin ruwa, zoledronet, sunansa na kasuwa a nan Aclasta. Miligiram 5 ne, sau ɗaya a shekara, minti goma sha biyar zuwa rabin awa yana shiga jijiya, ki tashi ki tafi gida sai baɗi war haka. A babban gwajin da aka wallafa a 2007 ya rage karayar baya da kashi 70, ta kwatangwalo da kashi 41. A ganina da za a tambaye ni wanne ya fi dacewa da tsofaffinmu na ƙauye, shi zan nuna, domin ba ruwansa da mantuwa, ba ruwansa da ƙwannafi, ba ruwansa da firji. Sharaɗinsa dai ƙoda ta zama lafiya, bitamin D da kalsiyam su zama sun cika, kuma a sha ruwa sosai ranar. Abu ɗaya da ya kamata ku sani, bayan ƙarin farko mutane da yawa kan yi zazzaɓi da ciwon jiki kwana biyu zuwa uku. A nan farasitamol kawai ake ba su ya wuce. A gida kuwa na san kafin gari ya waye an ce maleriya ce ko taifot, an fara zuba allurai, ko kuma a ce maganin asibiti ne bai karɓe ta ba, kada a sake zuwa.

Wanda ya fi ɗaukar hankalin mutanenmu masu hali shi ne Prolia, wato denosumab, wanda ya fito a 2010. Allura ce 'yar ƙarama a ƙarƙashin fata duk wata shida, tana da ƙarfi, kuma ana iya yi wa mai raunin ƙoda in likita na sa ido kan kalsiyam. Amma ina roƙonki, ko wani ya kawo muku ita kyauta daga Saudiyya ko Masar ko Dubai, kada a fara yi wa Gwaggo sai an tabbatar za a samu ta gaba, da ta gaban ta gaba. Ita ba ta zama a ƙashi. In wata shida ya cika aka yi jinkiri, masu cin ƙashin nan da ta danne sai su taso gaba ɗaya da yunwa, cikin 'yan watanni duk ribar da aka samu ta zube, wasu ma ƙasusuwan bayansu su karye biyu uku a jere. A nan ranar allurar a rubuce take a bangon ofishinmu da jan biro, asibiti ma na aiko da tuni, kuma ko za a daina sai an maye gurbinta da wani maganin. Ga shi kuma a firji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ki tuna yadda wutarmu take, ki tuna akwatin matafiyi da zai kwana a filin jirgi. Fara ta a bari ya fi rashin farawa haɗari.

Akwai kuma masu gina sabon ƙashi, waɗanda likitan unguwa ma ba ya rubutawa sai ƙwararre a babban asibiti, ga wadda ƙashinta ya lalace ƙwarai. Forsteo allura ce kullum har shekara biyu. Evenity duk wata har shekara guda, an fara ba da shi a asibitocin gwamnatin Ingila a 2022, kuma ba a yi wa wadda ta taɓa bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Waɗannan tsadarsu ta wuce a yi maganarsu a gidanmu, na ambata ne don in kin ji wani na kurari da sunansu ki san me ake nufi.

'Yar Kawu da ke Houston ta Amurka ta ba ni labarin nasu tsarin, sai na gode Allah da inda na faɗo. Can magungunan iri ɗaya ne, wani lokacin ma su ke fara samu, amma komai sai kamfanin inshora ya sa hannu. Allurar Prolia guda ɗaya farashinta na kanti ya haura dala dubu. Likita zai rubuta, inshora ta ce sai an fara gwada ƙwaya mai arha tukuna, a yi ta aika takardu. Tsoho sai ya kai 65 yake shiga inshorar gwamnati ta Medicare, ita ma da ɗan abin da zai cika daga aljihunsa. Ƙwayar mako-mako dai ko can arha ce.

Kada kuma ki ɗauka nan aljanna ce. Ganin likitan unguwarmu sai kin kira waya ƙarfe takwas daidai, ki shiga layi, wani lokacin kafin a ɗauka a ce miki gurbin yau ya cika. Likitan haƙori na gwamnati kuwa samunsa sai mai rabo, ga shi an ce a gan shi kafin a fara magani. Tsarin bibiyar karayar da na yaba ma ba ko'ina yake ba, kusan rabin asibitocin Ingila ne ke da shi, abin ya danganta da garin da mutum ya faɗi. Sarauniya Camilla ta Ingila ta daɗe tana jagorantar ƙungiyar masu yaƙi da cutar, domin ita ta kassara mahaifiyarta har ta rasu a 1994, amma duk da wannan gata har yanzu ana fama. Babban abin da ya fi ba ni tausayi shi ne kaɗaici. Kusan rabin waɗanda aka rubuta wa ƙwayar sun daina sha kafin shekara ta zagayo. Lokacin da nake aikin bi gida-gida na sha buɗe durowar tsohuwa in tarar da kwalaye jere ko ɓarewa ba a yi ba. Gwamnati ta biya, kemis ya kawo, amma babu jika ko suruka da za ta ce "Kaka, yau Litinin." Wata in ta faɗi a banɗaki sai ta kwana a ƙasa kafin a sani. Gwaggo ko tari ta yi mutum uku sun leƙo. Wannan gatan ba a sayar da shi a nan ko nawa za ki biya.

Rana ma mun fi su. Fata na haɗa bitamin D ne daga hasken rana, kuma daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin yin wannan aikin. Hukumar lafiya na ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, mu masu duhun fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara. Ni ma ina sha. Sai dai ranar da ke tsakar gida ba ta amfanar wadda ke wuni a ƙuryar ɗaki, a riƙa shimfiɗa wa Gwaggo tabarma da hantsi tana shan iska. Inda suka fi mu shi ne kalsiyam. Miligiram 700 ake so babba ya samu a rana, su kuwa madara da cuku ba sa yanke musu, fulawar burodinsu ma doka ce a zuba mata kalsiyam. Mu tuwon masara da shinkafa ba su da shi sosai. Wani bincike da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu ke gwamewa a can, ga rana har ta yi yawa, ƙarancin kalsiyam a abinci ne babbar matsalarsu. Abin kuma yana nan a kasuwarmu da arha. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, da ƙananan busassun kifin da ake ci da ƙayarsu. Furar Gwaggo ta rana a daina tsinka ta da ruwa, a zuba nono sosai.

Akwai maganar da na daɗe ina son yi miki, ba ta Gwaggo kaɗai ba ce. Cikin magungunan da suka fi cin ƙashi akwai faredinisolon da deksametason. A nan duk wanda zai sha irinsu wata uku ko fiye, likita na duba ƙashinsa, sau da yawa ma tare da maganin kariya ake haɗa masa. Mu kuwa su ne ake tsoma wa cikin haɗin ciwon gwiwa da ciwon jiki a ƙananan kemis, tsohuwa ta sha ta ji garau ta ce wannan yaron ya san magani, ta koma gobe. Su ne kuma 'yan mata ke sha don ƙiba, sha-ka-fashe ɗin nan, kumatu su cika ƙashi na rubewa. Ki binciki ledar maganin Gwaggo. In kin samu irinsu kuma ta daɗe tana sha, kada ki ƙwace lokaci guda, daina su farat ɗaya na iya kayar da mutum, likita ne ke rage su sannu a hankali.

Ban raina masu ɗori ba, ga hannun Gwaggo ya kama. Amma karayar kwatangwalo ba tasu ba ce. A nan mutum sama da 70,000 ke karya shi duk shekara, kuma ƙa'ida ita ce a yi tiyata cikin awa 36, washegari a tayar da mutum ya taka. Duk da haka kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba sa kai shekara. To ina ga wadda za a kwantar a ɗaki wata uku da karare a ɗaure, baya ya yi gyambo, ƙirji ya cika? Abin da nake gudar mana ke nan. A kankare gansakukar makewayin nan, a sa ƙarfen dafawa a bango, a ajiye mata fitila a gefen gado, silifas ɗin da ya sule a jefar. A kai ta a duba idonta ma.

Ku kai ta Asibitin Ƙashi na Dala, ko asibitin koyarwa, ku ce wa likita a fili tsohuwa ce ta karye daga faɗuwar tsaye, ta rage tsawo, bayanta na ciwo, kuna so a duba zaizayewar ƙashi. Kada ku tsaya a "ciwon baya" kawai, sai a ba ku maganin kashe zafi ku dawo. Na'urar DEXA ba ta da yawa a gida, amma rashinta ba ya hana magani. Ko a nan, mace mai shekarun Gwaggo da ta riga ta karye, likita na iya fara mata ba tare da ita ba. Hoton baya na yau da kullum zai nuna in ƙasusuwan sun zauna, gwajin ƙoda da na kalsiyam kuwa ko'ina ana yi. In an rubuta, ku saya a babban kanti mai rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kuɗin asibiti da na gwaji da na mota ni zan turo, wannan ya fi kwali a akwati amfani.

In ƙwayar mako-mako aka ba ta, ga yadda nake ganin zai yi mata sauƙi. A zaɓi Juma'a, ranar da ba ta ɓacewa kowa. Ta idar da sallar asuba tukuna, saboda ruku'u da sujada sunkuyo ne, ba a so ƙwayar ta dawo sama. Tana sallamewa a miƙa mata da cikakken kofin ruwa zalla, ta jingina da bango a zaune ta ja carbinta, dama ta saba ba ta tashi sai rana ta fito. Bayan rabin awa a kawo koko. Goro ma ya jira. In an haɗa mata da ƙwayar kalsiyam, ranar ta bari sai da rana ko da dare. Da azumi kuma ta tashi da wuri ta sha rabin awa kafin sahur, ku dai ji ta bakin likita tun watan Sha'aban, ko ku tambaye shi na ƙarin ruwan shekara-shekara a huta. A ɗora wa yarinya ɗaya alhakin tunawa, in aka bar wa kowa ba wanda zai yi.

Kafin ku tafi asibitin ki zazzage duk abin da take sha a kan tabarma, na kemis da na gargajiya da wanda maƙwabta suka ba ta, ki ɗauko min hoto yadda sunayen za su fito, ku kuma tafi da su a leda likita ya gani da idonsa. Sakamakon jinin ma in ya fito ki turo.

A gaishe min da Baffa da su Inna, a yi wa Gwaggo sannu, Allah Ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki.